Cikin da Yaya Tsaf Ta Wanke

Akwai masu tsafta, akwai kuma Yaya Tsaf. Ita ce shugabar masu gyaran ɗakuna a wani otal mai hawa biyar, shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma ba a taɓa jin ta shiga ɗakin da aka gyara ta fito ba ta samu abin faɗa ba. Takan naɗa farin ƙyalle a ɗan yatsa ta zura shi bayan famfo, ko ƙarƙashin leɓen masai inda ido ba ya kaiwa, ta zaro ta ɗaga wa mai aikin a fuska. Ma'aikatan ne suka raɗa mata sunan a bayan idonta, sunan ya bi ta har gida. Ita kuwa ko a jikinta, don a ganinta yabo ne.

A gida ma haka abin yake. Mijinta bakanike ne, mutum mai yawan raha, amma shekara ashirin da aure bai taɓa taka falo da kayan aiki ba. Kullum akwai bokiti da sabulu da burushi suna jiransa a bakin ƙofa, sai ya goge ƙarƙashin faratansa ta duba sannan a ba shi izinin zama. Yakan ce ranar da aka kwantar da ita a asibiti sai ta tashi ta wanke allurar kafin a yi mata. A jakarta kuma ba a raba ta da wani hankici da take ɗiga wa turare. Da ta shiga wurin da hancinta bai yarda da shi ba sai ta dafe shi a hanci, ko da mai wurin yana tsaye yana kallonta.

To, wannan matar ce Allah ya jarraba da ƙane mai ciwon hanji.

Auta tela ne, shekararsa talatin da huɗu, amma har yau Auta ake ce masa. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, Yaya Tsaf ce ta riƙe shi. Ita ta riƙa dirje shi da soso har sai ya yi kuka, ita ta kai shi koyon ɗinki, ita ta zaɓa masa labulen shago. Son da take masa ba a magana. Shekara takwas ke nan babban hanjinsa ya kumbura ya yi gyambo daga ciki. Ba wata cuta ya ɗauko a wani wuri ba, jikin ne ya juya yana yaƙar kansa. Ciwon ya lafa wata uku, ya dawo wata shida. In ya tashi, Auta kan zaga sau goma sha biyar a yini, da jini da majina. Ya ja keken ɗinkinsa zuwa ƙofar baya ta shagon don ya fi kusa da banɗaki, yakan bar mutum tsaye da tef a kafaɗa ya ruga. Ya daina zuwa taro, ya daina shiga motar haya mai nisan zango, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Yaya Tsaf ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Bayan kowane kwana biyu tana tashi daga aiki za ta biya gidansa da galan ɗin bilic, ta kori matarsa mai cikin wata bakwai ta je ta huta, ta ɗaura hankici ta afka banɗaki. Ta wanke masai, ta wanke bango, ta tafasa zannuwan gado. Komai na gidan nan ta taɓa, ban da abu guda: ba ta zama a bakin gadon Auta. Daga ƙofa take masa sannu, tana jan numfashi ta baki don kada warin ɗakin ya shige ta. Warin kuwa akwai shi, ba sharri ba ne, irin na jini da ya kwana haɗe da wani tsami-tsami. Auta ya lura da tsayuwar ƙofar nan tun tuni, bai dai taɓa cewa komai ba.

Da magunguna suka ƙare, na sha da na allura da na ƙarin ruwa, sai likitan hanji ya ce a zo da babba a gidan. Yaya Tsaf ta je, ta share kujerar da hankici ta zauna a gefenta. Likita ya ce mai fiɗa ya ba su mako shida. In ba a ga sauƙi ba za a cire babban hanjin baki ɗaya, a fito da bakin ƙaramin ta gefen cibiya, a manna jaka tana tarar abin da ke fita. Auta ya sunkuyar da kai. Wannan jakar ita ce abin da ya fi tsoro a duniya, ya sha faɗa wa yayarsa gara ya mutu da hanjinsa.

Amma akwai abu ɗaya da ya rage a gwada, in ji likita. Ya tambayi Yaya Tsaf sana'arta, da ta faɗa ya ce ai ita za ta fi kowa ganewa. Ya juya bayan wata takarda yana zane. Hanta tana haɗa wani ruwa mai ɗaci, kore-kore, ta tara shi a maɗaciya, wato 'yar jakar nan da ake cirewa a hankali wajen gyaran kaza don kada ta fashe ta ɓata naman. In mutum ya ci abu mai maiƙo sai maɗaciya ta tsiyayo ruwan cikin hanji ya narkar da maiƙon. Sabulun ciki ke nan.

Wannan ya yi wa Yaya Tsaf daɗi. Ashe har can ciki an ajiye sabulu. Ta gyara zama sosai.

Sai dai asid ɗin da ke cikin ruwan nan, in ji likita, yana fitowa ne da kaifinsa, kamar sodar da ba a sirka ba. Jiki yakan tsotse mafi yawansa ya mayar wa hanta, ragowar ya gangara babban hanji. A can kuwa akwai ƙananan halittu, bakteriya, masu yawan da ba ya ƙirguwa, kuma ba dukansu ne na cuta ba. Wasu sana'arsu ke nan: su karɓi ɗanyen asid su juya shi ya zama wani iri na biyu, shi kuma wannan na biyun yana lallashin bangon hanji ya rage kumburi, yana kuma hana miyagun ƙwayoyi sakewa. A cikin Auta masu wannan sana'a sun kusa ƙarewa. Asid yana wucewa ɗanye yana ƙara gudawa, miyagun da ke iya jure shi suna hayayyafa, kumburin yana ƙara korar na kirkin, abu yana ta zagaye ba mafita.

Ta tambaya ko ana sayar da na kirkin a kwalba. Likita ya ce irin da ake buƙata ba sa son iska, da wuya su rayu a kwalba. Hanyar da sashensu ke gwadawa ita ce a samu mutum mai lafiya, a karɓi bayan gidansa, a dama da ruwan gishiri, a tace, a zuba wa majinyaci ta bututu. Wasu ya yi musu aiki, wasu bai yi ba, ba zai yi musu alkawarin komai ba.

Yaya Tsaf ta dafe hankici a hanci.

"Likita, kashi kake nufi? Na wani mutum, a zuba a cikin ƙanena?"

"Shi nake nufi, Yaya," in ji shi, ko gezau.

Ta juya ta dubi Auta tana jiran ya miƙe su tafi. Auta bai ɗago ba. Ya ce wa tayil ɗin ƙasa shi ya yarda, ko a cokali aka ce ya sha zai sha, in dai za a bar masa hanjinsa.

Mutum uku aka samu a dangi da za a gwada: ita, da mijinta, da babban wansu direban tirela. Matar Auta an cire ta saboda ciki. Aka ba kowa 'yar roba mai murfi da ɗan cokali manne a ciki. Abin da Yaya Tsaf ta sha kafin ta cika robar nan ita da Mahaliccinta suka sani. Safar hannu biyu ta sa, ta kawar da kai, bayan ta gama ta yi wanka sau biyu ta jefar da burushin da ko kusa da wurin bai je ba. Aka ɗebi jininsu, aka yi musu tambayoyin da ko miji ba ya yi wa matarsa, aka ce su jira.

Wata guda cur gwaje-gwajen suka ci. Bakanike ya faɗi, an ga wata ƙwayar ciwon hanta kwance a jininsa da shi kansa bai san da ita ba. Babban wa tun a tambayoyi aka sallame shi, don ya sha kafso na kashe ƙwayoyin cuta a watan da ya wuce saboda haƙorinsa da ya ruɓe. Yaya Tsaf tana wurin aka faɗa, da kunnenta ta ji nas ta ambaci kafso. Amma abin da ta ɗauka ta tafi da shi gida shi ne ruɓaɓɓen haƙori. Ta ce ai dama, mutumin da ba ya goge baki wa zai karɓi kayan cikinsa.

Ita kaɗai ta haye. Matar da ke aiki a ɗakin gwaji, wata gajera mai tabarau wadda ke cin biskit a tebur ɗaya da robobin mutane, ta fito da fara'arta riƙe da takardu biyu masu zanen sakamako. A ta Auta akwai dogon sanda a hagu, wato ɗanyen asid, ɓangaren dama kuwa, wurin na biyun mai lallashin hanji, kusan fayau. A ta Yaya Tsaf sandan dama ne ya miƙe har ya kusa fita daga takarda.

"Na daɗe ban ga mai kyau irin naki ba," in ji Mai Gwaji, har tana lumshe ido. "Cikinki daji ne, Yaya. Iri-iri, babu wanda babu. Da ana ba da lambar yabo da kin ci."

Ba a taɓa zagin Yaya Tsaf zagin da ya shige ta kamar wannan yabo ba. A mota bakanike ya yi ta dariya har yana dukan sitiyari. Ya ce ashe shekara ashirin ana tsare shi a bakin ƙofa da burushi, alhali babbar matattarar tana zaune a falo ta ɗora ƙafa kan ƙafa. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba, da ta kai loma baki sai ta ga kamar wasu abubuwa ne can ƙasa suka buɗe baki suna jira.

An sa rana, kwana goma masu zuwa. Nas ta ja ta gefe ta ce kada ta canza komai: ta ci abin da ta saba ci, kada ta sha kowane irin magani sai ta tambaye su. Ta ba ta takarda mai bayani, har da hotunan bayan gida kala bakwai an jera su kamar tallan kaya. Yaya Tsaf ta ce to. A hanyar fita ta wuce ta gaban banɗakin majinyata, ƙofar a buɗe, ruwa kwance a ƙasa, wani ya yi bai kora ba. Ta dafe hankici ta ce a ranta, mutanen da ba su iya wanke masansu ba su ne za su koya mata yadda ake ba da abu mai tsafta. Takardar ba ta wuce kwandon shara na bakin get ba.

Kada a zalunce ta, ba ta taɓa tunanin janyewa ba. Ɗan'uwa rabin jiki ne, in abin da ke cikinta zai tsare wa Auta hanjinsa, ta bayar. Abin da ya hana ta sukuni shi ne a wane hali za ta bayar. Shekara goma sha tara ba ta taɓa miƙa wa baƙo makullin ɗakin da ba a wanke ba, baƙon da ba ta san daga inda ya fito ba ma. Yanzu ɗan da ta raina da hannunta, mai gyambo a buɗe a ciki, shi za a juye wa daji? Tana tsaye tana duba ɗakuna a otal sai ta ji cikinta ya yi ƙugi, tsigar jikinta ta tashi. Ta soma jin ƙyamar kanta, irin ƙyamar da babu inda mutum zai matsa ya guje mata. A rana ta uku ta yanke shawara: za ta ba su, amma sai ta gyara.

Ta tsaya a wani kyamis da ke kan hanyarta, ta ce a ba ta maganin da ya fi kowane ƙarfi wajen kashe ƙwayoyin cutar ciki. Mai kyamis bai nemi takardar likita ba, bai tambayi me ke damunta ba. Ya haɗa mata kafso iri biyu na kwana bakwai, ya ƙara da garin wankin ciki. Ta lallashi kanta da cewa magani ai miyagu yake kashewa, na kirkin nan da ake ta yabo za su samu fili su sake. Wannan fa daga bakin matar da ta fi kowa sanin cewa in bilic ya zuba a kan zane ba ya tambayar wanne ne tabo wanne ne adon. Amma mai son abu ba ya rasa hujja.

Ta yi aikin yadda take yin kowane aiki, ba ha'inci. Kafso safe da rana da yamma, kan lokaci. Ta daina cin wake da ganye da duk abin da ke kumbura ciki, ta koma farar shinkafa da tafasasshen ruwa. Garin wankin ciki ya kwashe ta kwana biyu tana safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki, har ta ɗan ɗanɗana rayuwar Auta, amma ko wannan bai sa ta tsaya ta yi tunani ba. Bakanike ya tambaye ta lafiya, ta ce ya kula da injinansa. Zuwa rana ta bakwai abin da ke fita ya zama ruwa-ruwa, launinsa ya kwashe, warin ma ya ragu ƙwarai. Ta leƙa, karo na farko a rayuwarta da ta leƙa da son ranta, ta ji daɗi. Jikinta sakayau, ta ce yanzu ne aka yi abin kai wa mutane.

Ranar da safe ta naɗe robar a leda uku, ta sa a cikin farin tawul sabo, ta miƙa wa Mai Gwaji da hannu biyu. An riga an kwantar da Auta a sama, an wanke masa hanji tun jiya, yana jiran a shiga da shi ƙarfe goma. Mai Gwaji ta shige bayan gilashi tana warware ledojin tana dariya. Da ta buɗe murfin dariyar ta tsaya. Ta karkata robar, ta duba a haske, har ta ɗan kai hanci, abin da ya sa Yaya Tsaf ta kawar da kai. Sai ga ta ta fito ta cire tabarau.

"Yaya, wannan naki ne?"

Ta ce nata ne mana, na wa zai zama. Mai Gwaji ta tambaya ko ta yi rashin lafiya a kwanakin nan, ta ce lafiyarta ƙalau. Ta tambaya ko ta sha wani abu. Yaya Tsaf ta buɗe jaka ta fito da fankon kwalayen, don ta adana su, ta jera a kan tebur da ɗan alfaharinta, ta ce ta ga ya kamata ta ɗan tsaftace wurin kafin a ɗiba.

Mai Gwaji ta ɗauki kwalin farko ta karanta, ta ɗauki na biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a kujera ta dubi Yaya Tsaf daga sama har ƙasa, da irin kallon da ita Yaya Tsaf ke yi wa ƙarƙashin masai, sannan ta ɗaga waya ta ce a gaya wa likita kada a shiga da majinyacin.

Likita ya sauko da kansa. Ya ce waɗannan kafso biyun, in da an ce a zaɓo maganin da zai fi kashe masu juya asid ɗin maɗaciya, da su za a zaɓa. Masu wannan sana'a ba su da yawa ko a cikin mai lafiya, kuma su ne kan gaba wajen mutuwa. Abin da ya saura a cikinta yanzu masu taurin kai ne da magani bai iya da su ba, kuma zuba wa mai gyambo irin waɗannan ganganci ne. Ta tambaya kwana nawa za su ɗauka su dawo. Ya ce ba kwana ba ne, wata uku ne zuwa shida, wasu ma ba sa dawowa duka. Neman wani mai bayarwa kuma wata guda ne na gwaji, Auta kuwa jiya ma sai da aka ƙara masa jini leda biyu.

Duk da haka sun gwada abin da ta kawo, don a rubuta. Bayan kwana biyu Mai Gwaji ta ajiye mata takardu biyu a tebur. Dogon sanda a hagu, dama fayau. Yaya Tsaf ta duba wannan ta duba wancan, sai da ta karanta lambar da ke sama sannan ta gane wacce ce tata wacce ce ta Auta.

Ta roƙi likita ya ce wa Auta gwajin ne bai yi kyau ba. Ya ce shi ba zai yi wa majinyacinsa ƙarya ba, amma ya ba ta zuwa la'asar ta faɗa da bakinta. Ta hau sama ta tsaya a ƙofar ɗakin, inda ta saba tsayawa, ta faɗa duka, har da tawul ɗin. Auta ya saurara idonsa a kan silin. Matarsa ce ta soma kuka tana cewa ai likita ya ce ba tabbas ko da an yi, wataƙila da ma ba zai yi aiki ba. Gaskiya ta faɗa, amma ba wanda maganar ta yi wa amfani. Auta ya ce a ja masa labule yana son ya yi barci.

An yi aikin ranar Talata. Awa biyar Yaya Tsaf tana zaune a benci a baranda, ba ta share shi ba kafin ta zauna, ba ta ma lura ba. Bakanike yana gefenta, yau babu raha. Da mai fiɗa ya fito ya ce an gama lafiya, hanjin ya riga ya lalace ƙwarai, ya tambaya ko akwai mai son ganin abin da aka cire. Ba wanda ya tashi.

Kwana biyar bayan nan nas ta ce lokaci ya yi da wani a gida zai koyi canza jakar, don Auta ya ƙi ko kallonta. Tun da ya farfaɗo fuskarsa na bango, in an zo canzawa sai ya rufe ido da damtse. Matarsa ta matso da ƙaton cikinta, nas ta ɗage rigar ta soma ɓamɓare gam ɗin. Warin ya bugi ɗakin, mai kaifi, ba irin wanda aka sani ba. Matar Auta ta toshe baki ta fita da gudu, ana jin kakarinta a baranda.

Nas ta waiwaya. Yaya Tsaf ce kaɗai a ƙofa, hankici a hanci.

Taku shida ne daga ƙofar zuwa gadon, ta yi su. Ta zauna a bakin katifar, don babu yadda za a yi aikin a tsaye. Ga bakin hanjin nan a gefen cibiyarsa, ja, jiƙe, yana ɗan motsi da kansa, yana tsartuwar wani ruwa kore-kore mai kauri. Ƙyamar tana nan daram, ba ta je ko'ina ba don an yi nadama. Nas ta ce koren nan ruwan maɗaciya ne, yanzu haka zai riƙa fitowa ɗanye tun da babu babban hanjin da zai gangara, kuma shi da sauran ruwan narkar da abinci suna cin fata in suka zauna a kanta. Sai an goge kewayen sarai, an busar, an yanka ramin sabuwar jaka daidai bakin, ba ƙari ba ragi. Aiki ne na mai tsafta, in ji nas, kuma na kullum ne.

Aikin hannu biyu ne. Yaya Tsaf ta dubi hankicin, ta ajiye shi a kan durowa, ta karɓi audugar. Ta soma gogewa daga waje zuwa ciki, a hankali, ba irin dirzar da ta saba ba. Ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, fatar tana rawa ƙarƙashin yatsunta.

Auta bai sauke damtsensa daga ido ba, amma ya san hannun. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani.

"Sau ɗaya tak na roƙi ƙazantarki, Yaya. Ita ma sai da kika wanke ta."

Wani koren ruwan ya sake tsartowa ya gangaro kan inda ta gama gogewa. Ta ja numfashi ta hanci, ya shige ta har ƙasa, ta ɗauki sabuwar auduga ta sake farawa, ta ce wa nas ta ƙara nuna mata yadda ake yanka ramin.